A Kawo Wa Ɗalibai Shaidu A Darasin Juyin Halitta

Akwai wata tambaya da ta kan shigo gidajen Hausawa mazauna ƙasashen waje da maraice, sa'ad da yara suka komo daga makaranta. Yaro ya ajiye jakar littattafansa, ya dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, yau malaminmu ya ce wai dabbobin duniya ba haka su ke tun farko ba, wai sun yi ta sauyawa. Gaskiya ne?" Ko a zangon Kumasi ne, ko a Garwa, ko Njamena, ko Landan, ko unguwar Bronx ta birnin New York, uban ya kan rasa ta cewa. Wani ya daka wa yaron tsawa, ya ce kada ya sake jin wannan magana a bakinsa. Wani kuwa ya ce, "Haddace ka rubuta musu ranar jarrabawa, in ka fito ka zubar a bakin ƙofa."

Dukan iyayen nan biyu ƙaunar 'ya'yansu ce ta sa suka faɗi haka, ba mai musun wannan. Amma na farko ya rufe wa yaro ƙofa, na biyu kuwa ya koya masa rubuta abin da bai fahimta ba, wanda mugun hali ne ga mai neman ilmi. Makarantu da yawa kuma hanyar uba na biyu su ke bi ba su sani ba. Malami ya rubuta sunan Darwin a allo, ya rubuta 1859, ya zana hoton nan na biri yana miƙewa sannu a hankali har ya zama mutum, yara su kwafe, a kaɗa ƙararrawa, kowa ya watse ba a nuna masa hujja ko ɗaya ba. Abin da ya dace shi ne a koyar da darasin nan sosai, kuma a bi da shi yadda a ke yi a gaban alƙali, watau a kawo shaidu ɗaya bayan ɗaya, a bar ɗalibi ya yi musu tambayoyi.

Abin da masana ke nufi da juyin halitta ba shi da wuyar faɗi. 'Ya'yan kowace irin halitta ba su kan fito daidai wa daida ba. Ko 'yan tsakin kaza guda, wani ya fi wani kuzari, wani ya fi wani jure sanyi. Da yawa daga cikin bambance-bambancen nan gadonsu a ke yi. Sa'an nan kuma abin da a ke haifa kullum ya fi abin da zai rayu har shi ma ya haihu. Saboda haka wanda halinsa ya fi dacewa da wurin da ya sami kansa shi ya fi barin zuriya, halin nan nasa kuma ya yi ta yaɗuwa. Yanayi ya zama tamkar rariya ke nan, yana tankaɗe tsara bayan tsara. In aka daɗe ana haka, shekaru dubbai har miliyoyi, sai zuriyar ta bambanta da kakanninta, har iri guda ya rabu biyu. Wannan shi ne bayanin da aka karanta da sunan Charles Darwin da Alfred Wallace a wani taron masana a Landan cikin 1858, Darwin kuma ya fito da littafinsa a kai cikin 1859. Tun daga sa'an nan aka yi ta yi wa bayanin gyara da ƙari, musamman bayan da aka gane yadda gado ke tafiya, abin da Darwin kansa ya mutu bai sani ba.

Hana koyar da wannan ilmi ba sabon abu ba ne. Cikin 1925 jihar Tenesi ta Amurka ta kafa doka ta hana malaman makarantun gwamnati koyar da cewa mutum ya fito daga wata halitta ta ƙasa da shi. Aka gurfanar da wani saurayin malami, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Dokar ta zauna har 1967, a 1968 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe irinta ta jihar Arkansas. Turkiyya ta cire babin daga manhajar sakandare a 2017, Indiya ma ta cire shi daga littafin aji goma a bugun 2023. Ingila kuwa ta bi wata hanya dabam, don manhajar da ta fara aiki da ita a 2014 ta sa darasin tun a aji shida na firamare. Watau ɗan Bahaushe da ke Landan ko Mancesta zai gamu da shi yana da shekara goma ko sha ɗaya, ko mahaifinsa ya so ko ya ƙi.

Masu cire darasin su kan ce ya fi ƙarfin kan yaro, ko kuwa ba shi da wani amfani gare shi. Amsar wannan tana cikin ɗakin shan magani. Manya daga cikin masu sauraro sun san kulorokwin, ƙwayar nan mai ɗaci da ke sa waɗansu ƙaiƙayi. Ga araha, ga ƙarfi, a da can kwana uku ta ke kai zazzaɓin cizon sauro ƙasa. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin zazzaɓin da ba ya jin ta a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. A 1978 abin ya iso Afirka ta Gabas, ya yi ta ratsa nahiyar har ya kai yamma, yara suka yi ta mutuwa alhali kuwa an ba su magani. Wajen 2004 da 2005 Ghana da Nijeriya suka daina dogara da ita, suka koma ga haɗin magunguna masu sinadarin atimisinin.

Da aka tambayi mutane dalili, abin da su kan ce shi ne, "Jikina ne ya saba da maganin." Wannan kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Jikin mutum bai sauya ba ko kaɗan. Cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar da ke yawo a jinin jama'a, an sami 'yan kaɗan da suka zo da wani canji a gadonsu, wanda ke sa su fitar da maganin kafin ya kashe su. Kowane lokaci aka sha kulorokwin sai ta share sauran ta bar waɗannan, su kuwa su hayayyafa, sauro ya kwashe su ya kai gaba. Rariyar nan dai ce, sai dai a nan magani ne rariyar. Ƙasar Malawi ta ba da shaida mai ban sha'awa a kan haka. Ta janye kulorokwin tun 1993, sai masu taurin kan nan suka rasa abin da ya fifita su, suka yi ta raguwa, har wani gwaji da aka yi a birnin Blantyre cikin 2005 ya nuna maganin ya koma warkar da kusan dukan yaran da aka ba. Labarin bai ƙare ba, domin a 2020 an ba da rahoton ƙwayoyin da suka fara jinkirin jin atimisinin a Ruwanda, a 2021 kuma a Yuganda. Yaran da ke aji yanzu su ne za su zama likitoci da nas-nas da masu sayar da magani da za su yi fama da wannan. Wanda aka hana shi sanin dalilin abin, da me zai yi faman?

Malamin da ke da ko wayar hannu yana iya nuna wa ajinsa wannan aiki da idonsu. A 2016 waɗansu masana na jami'ar Harvard suka yi wani ƙaton faranti, faɗinsa ƙafa 2 tsawonsa ƙafa 4, suka zuba abincin bakteriya, suka raba shi layi-layi. Gefe ba magani, layi na gaba akwai daidai abin da zai kashe su, na gaba da shi ninki 10, sa'an nan ninki 100, tsakiya kuma ninki 1,000. Suka saki bakteriya a gefe, suka kafa kyamara. A hoton majigin da suka ɗauka ana ganin ƙwayoyin sun yaɗu har bakin layin farko sun tsaya cik, can sai wani ɗan ɗigo ya ɓalle ya ƙetare, zuriyarsa ta mamaye layin, ta sake tsayawa, wani ya sake ɓallewa. Cikin kwana 11 sun isa tsakiya. Gani ya kori ji.

Haka nan amosanin jini, wanda a ke kira sikila, ciwon da kusan kowane dangi ya san zafinsa. Ɗalibi mai hankali zai tambaya, in rariyar yanayi tana zubar da abin da ke cutarwa, me ya sa wannan gado bai ɓace ba, har a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da shi? Tambaya ce mai kyau, kuma an amsa ta tun 1954. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa mai ɗauke da kwafi guda na gadon, watau AS, ya fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Mai kwafi biyu, SS, shi ke shan wahala. Shi ya sa taswirar sikila ta yi kama da taswirar zazzaɓi, daga Afirka ta Yamma zuwa Sudan, da gabashin Saudiyya, da sassan Indiya. Saurayi da budurwa da aka ce su je gwajin jini kafin aure, in sun sami wannan darasi a makaranta, sun san abin da a ke nema, sun kuma san cewa in dukansu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

To, ta ina malami zai fara? Darwin kansa bai fara littafinsa da biri ko mutum ba. Da dabbobin gida ya fara, musamman tattabaru, waɗanda ya yi kiwonsu da hannunsa, ya nuna cewa duk da bambancin kamanninsu daga tattabarar dutse guda suka fito. Ɗan manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan, don ya ga mahaifinsa na ware zangarniya mafi kyau ya rataye don iri. Dawa da gero da a ke tuwo da fura da su, asalinsu ciyayin daji ne masu ƙananan ƙwayoyi, waɗanda da sun nuna sai su zube ƙasa. Masu tonon tarihi sun sami alamun dawar gida a kusa da Kasala ta gabashin Sudan tun wajen shekara 5,000 da suka wuce, da na geron gida a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen shekara 4,500. Manoma ne suka yi ta zaɓe har zangarniya ta daina zubar da ƙwayarta. In hannun manomi ya iya wannan cikin shekaru dubu kaɗan, sai a tambayi aji, me fari da sanyi da cuta da yunwa za su iya cikin miliyoyi?

Bayan gona sai mahauta. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ba ta rasa ƙashi, musamman bayan Babbar Salla. A tafasa ƙafar rago ta gaba, da fiffiken kaza, a kankare naman, a jera ƙasusuwan a kan tebur, kowane yaro kuma ya taɓa hannunsa. Zai ga ƙashi ɗaya daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, sa'an nan biyu, sa'an nan ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu, sa'an nan yatsu. A rago waɗansu sun haɗe waɗansu sun ƙanƙance, a kaza ma haka, a jemage yatsun sun yi tsawo sun zama sandunan laima, amma tsarin bai sauya ba, ko da ya ke wannan gudu ya ke yi, wancan tashi, wancan kuma rubutu. Raƙumin dawa, duk tsawon wuyansa, ƙasusuwan wuyan bakwai ne, daidai da na akuya da na mutum. Akwai ma wata jijiya da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro, tafiyar da ba ta wuce 'yan inci ba, amma sai ta gangara har ƙirji, ta kewaye wata babbar hanyar jini kusa da zuciya, sa'an nan ta hauro. A jikin kifi, wanda ba shi da wuya, hanyar miƙaƙƙiya ce. A raƙumin dawa kewayen ya kai wajen ƙafa 15. Mai gyaran lantarki da ya ja waya haka, maigida zai riƙe kuɗin aikinsa. Amma in wuyan a hankali ya yi ta tsawo tsara bayan tsara yana jan jijiyar, to, ba abin mamaki.

Kada malami ya jefar da ƙafar ragon ta baya, don tana da sauran aiki. A idon sawun rago da akuya da saniya da raƙumi akwai wani ɗan ƙashi mai kwari a sama da ƙasa, kamar ƙaramar gargarar jan ruwa mai baki biyu, wanda ba a samun irinsa sai a wannan dangi na dabbobi. Yanzu a tafi Masar. A hamadar Fayyum, kudu maso yamma da Alƙahira, akwai wani kwari da Larabawa ke kira Wadi al-Hitan, inda ƙasusuwan manyan dabbobin teku da Turawa ke kira wel su ke kwance cikin rairayi, sun zama dutse, domin wurin teku ne shekaru wajen miliyan 40 da suka wuce. A 1989 Philip Gingerich da abokan aikinsa suka tarar cewa ɗaya daga cikin irinsu, mai tsawon wajen ƙafa 50, tana da 'yan ƙafafun baya da ba su wuce ƙafa 2 ba, da gwiwa da yatsu. A 2001 kuma aka ba da labarin waɗansu da suka fi su daɗewa daga Pakistan, masu ƙafafu huɗu sosai, kuma a idon sawunsu ga ƙashin nan mai kwari biyu. Masu binciken sinadarin gado da a ke kira DNA, waɗanda ba su taɓa riƙe shebur ba, su ma ta tasu hanyar sun riga sun ce dorina ce 'yar'uwar wel mafi kusa. Shaidu biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗi magana ɗaya, wannan kuwa ko a kotu ba a wasa da shi.

Ɗalibi mai gardama, wanda shi ne ya kamata malami ya fi so, zai ce ai kowa na iya tsara labari bayan ya ga ƙashi. Sai a ba shi labarin Tiktaalik. Masana sun san cewa a duwatsun da suka fi tsufa kifaye kaɗai a ke samu, a na bayansu kuma ana samun masu ƙafa huɗu. Neil Shubin da Ted Daeschler suka ce in bayanin gaskiya ne, to, a duwatsun tsakani, na tsohon bakin kogi, ya kamata a sami mai kama da duka biyu. Suka duba taswira suka ga irin duwatsun, masu shekara miliyan 375, a tsibirin Ellesmere can ƙuryar arewacin Kanada. Suka fara zuwa arewacin Kanada a 1999, suka yi ta komowa hannu rabbana, sai a 2004 suka same shi: ga ɓawon kifi, ga fiffiken iyo, amma ga wuya, ga haƙarƙari masu kauri, cikin fiffiken kuma ga ƙasusuwa irin na wuyan hannu. An faɗi abin da za a samu da inda za a same shi tun kafin a tona. Malamin kirki zai ƙara da cewa a 2010 an ba da labarin sawun masu ƙafa huɗu a ƙasar Polan waɗanda suka girmi Tiktaalik, abin da ya tilasta masana suka sake lissafin lokacin da aka fara taka tudu. Ba abin kunya ba ne a faɗa wa yara haka. Ta nan ne ma za su gane abin da masana ke nufi da kalmar nan tiyori, wadda mutane ke ɗauka zato ce kawai. A bakin masana, tiyori bayani ne da ya ɗaure hujjoji masu yawa wuri ɗaya, aka yi ta gwada shi ta inda zai iya karyewa bai karye ba, ana kuwa gyara rassansa duk sa'ad da sabuwar shaida ta zo.

Har ƙaryar da aka taɓa yi da sunan wannan ilmi ya kamata a koyar. A 1912 wani lauya mai sha'awar tone-tone, Charles Dawson, ya fito da ƙoƙon kai da muƙamuƙi daga wani ramin tsakuwa a Piltdown ta kudancin Ingila, aka ce an sami kakan mutum. Manyan masanan Ingila da dama suka karɓa hannu biyu-biyu, watakila don ya yi musu daɗi a ce mutumin farko ɗan ƙasarsu ne. Da Raymond Dart ya bayyana ƙoƙon kan wani yaro na gaskiya daga Taung ta Afirka ta Kudu a 1925, sai aka yi masa kunnen uwar shegu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1953 Kenneth Oakley da Joseph Weiner da Wilfrid Le Gros Clark suka nuna cewa ƙoƙon na mutum ne, muƙamuƙin na biri, an goge haƙoran da magagari, an rina ƙashin don ya yi kamar tsoho. Masu adawa da darasin su kan kawo wannan labari a matsayin makami. Su tuna dai cewa masana ne suka tona asirin, da gwajin sinadari da madubi mai ƙara girman abu.

Sai maganar mutum, inda zukata ke tashi. Malamin da ya tsallake wannan babi don gudun rigima ya yaudari ɗalibansa, domin za su gamu da shi a intanet daga bakin wanda ba ya ƙaunarsu. Abu na farko, a goge hoton nan na biri mai miƙewa, don ba abin da masana ke faɗa ke nan ba. Ba su ce wani biri da ke raye yau kakan kowa ne ba. Abin da su ke cewa shi ne mutum da birin cimfanzi sun haɗa tushe mai nisa, shekaru miliyan shida ko bakwai da suka wuce, kowa ya kama hanyarsa. Daga cikin hujjojinsu akwai wannan: DNA na mutum a ƙunshe ya ke cikin ɗauri 23 bibbiyu, na cimfanzi kuwa 24, kuma a 1991 aka gano a tsakiyar ɗauri na biyu na mutum tabon inda ɗauri biyu suka haɗe baki da baki. Ɗaliban Cadi kuma suna da nasu abin faɗi. A watan Yuli na 2001, a hamadar Jurab ta arewacin ƙasar, wani ɗan Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin binciken da Michel Brunet na Faransa ke shugabanta, ya tsinci ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Tumai, mai shekara wajen miliyan 7. Masana sun yi ta gardama a kan ko da ƙafa biyu ya ke tafiya, kuma gardamar kanta abin kai wa aji ce.

Akwai wani dalilin da ke sa baƙar fata ya ɗaure fuska in an ambaci biri da mutum a jimla ɗaya, kuma dalilin ba na banza ba ne. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango, Ota Benga, a sashen birai na gidan namun daji na Bronx, jama'a na tururuwar kallonsa, sai da limaman cocin baƙaƙen fata suka tashi tsaye aka fitar da shi. Littafin da aka yi shari'ar Scopes a kansa ma ya jera jinsunan mutane hawa-hawa, ya ɗora farar fata a sama. Malamin da ya ɓoye wannan tarihi, ranar da ɗalibi ya gano shi da kansa ba zai ƙara yarda da maganarsa ba. Ya faɗe shi, sa'an nan ya nuna yadda binciken da ya biyo baya ya rushe shi. Asalin dukan mutanen duniya Afirka ne, mafi tsufan ƙasusuwan irin mutanen yanzu da aka bayyana a 2017 daga Jabal Irhud ta Maroko su ke, masu shekara wajen 300,000, kuma DNA na kowane mutum biyu a duniya ya yi daidai da wajen kashi 99.9 cikin 100. Ba hawa, ba tsani.

Saura batun imani, wanda shi ne ainihin abin da ke damun uban nan da aka fara da shi. Malaman addini, na Musulunci da na Kirista, ba su taru a kan magana ɗaya ba. Akwai masu ƙin bayanin ɗungurungum, akwai masu karɓarsa a kan dabbobi da tsirrai su keɓe Annabi Adamu, akwai kuma masu ganin hanya ce da Mahalicci ya tsara. Tun 1888 Shaihu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta ƙasar Sham ya tattauna batun cikin natsuwa a littafinsa Risalatul Hamidiyya. Raba wannan gardama ba aikin malamin kimiyya ba ne, ba a kuwa horar da shi don haka ba. Ma'auninsa ƙashi ne da dutse da jini, kuma ba ya auna abin da ya wuce su. Malamin da ya tsaya gaban allo ya ce darasin nan ya tabbatar babu Allah, ya fita daga gonarsa, daidai da wanda ya ce wa yara su toshe kunne don ƙaryar Turawa ce. Har wa yau kada a yi wa yara daɗin baki da cewa wai Jahiz na Basra ko Ibn Khaldun sun riga Darwin faɗin kome da kome. Sun lura da dabbobi da kaifin ido, sun yi magana a kan darajojin halittu, wannan kuwa ya ishe su girma ba sai an ɗora musu abin da ba su faɗa ba.

Abin da makaranta ke da hakkin nema daga ɗalibi shi ne ya fahimci bayanin, ya san hujjojinsa, ya iya aiki da shi. Ba ta da hakkin sa shi ya yi rantsuwa a kansa. In aka bayyana wa iyaye wannan tun farkon zangon karatu, aka gayyace su su zo su ga ƙasusuwan da ke kan tebur, da yawa daga cikin rigimar ba za ta taso ba. Uban kuma, ko bai yi boko ba, yana da abin da ya fi tsawa. Yana iya cewa, "To, wace hujja malamin ya kawo muku? Zo ka faɗa mini." In yaron ya kasa kawo ko ɗaya, to, makarantar ce ke da tambayar amsawa.

Masu tsara jarrabawa su ma da sauran aiki a gabansu, domin abin da a ke tambaya shi malami ke koyarwa. Muddin tambayar ita ce a wace shekara Darwin ya buga littafinsa, hadda za a yi ta yi. A maimakon haka a ba ɗalibi labarin faɗa-wutar nan ta Ingila mai fari da ɗigo-ɗigon baƙi, wadda aka fara ganin baƙa ƙirin a cikin irinta a Mancesta cikin 1848, baƙaƙen suka mamaye garin sa'ad da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, sa'an nan suka yi ta raguwa bayan dokar tsabtace iska ta 1956. A ce masa ya bayyana dalili, ya faɗi rawar da tsuntsaye suka taka, ya kuma faɗi irin gwajin da zai yi don ya gane ko amsarsa daidai ce.